Ranar da Aradu Ta Dawo Bobi Ba Murya

Kontagora, kafin assalatu

Ladanin unguwarmu bai kai ga kiran assalatu ba na fito ƙofar gida, na ɗaga bonet, na duba ruwa da baƙin mai. Mai ɗakina Ladi ta biyo ni har zaure da fitila a hannu tana roƙo ƙasa-ƙasa: "Maigida, don girman Allah ka tura ta bakin titi kafin ka tayar. Matar Malam Isa jego take yi." Na ce mata tun da na sayi motar nan ban taɓa tura ta ba sai in batir ya mutu, kuma ba yau zan fara ba. Na murɗa makulli. Kajin maƙwabta suka hau kyarkyara a akurki, wani kare ya amsa daga bayan masallaci, jaririn Malam Isa kuwa ya buɗe murya. Ladi ta yi mini addu'ar sauka lafiya, amma bakinta kawai na ga yana motsi.

Motar da nake magana Pijo ce 404, a-kori-kura, wadda 'yan tasha suka raɗa wa suna Aradu. Sunan bai taɓa ɓata mini rai ba, don ta ci shi. Salansarta ta daɗe da fashewa, cikin injin kuma akwai wata ƙwanƙwasa kamar an kulle maƙeri a ciki. Sana'ata da ita guda ce: duk ranar kasuwa in yi sammako zuwa Bobi, in kwaso matan Fulani da ƙorensu na nono da man shanu in kawo su Kontagora, da la'asar in mayar da su. 'Yan tasi ba sa son aikin, wai nono na zuba ya ɓata musu kujera. Ni kuwa kafinta na sa ya shimfiɗa mini katako a bayan motar, ya huhhuda shi daidai gindin ƙwarya. Kowace ƙwarya ta zauna a gurbinta, ko gargada muka shiga ba ta motsi.

Sai ga shekarun nan na casa'in da aka shiga wahalar mai. Mutum ya wuni a layi, in an kusa zuwa kansa a ce ya ƙare, dole ya koma wurin 'yan bumburutu masu jarka. Aradu ba ta san ana wahala ba, yadda take sha a da haka ta ci gaba da sha. Zuwa Bobi da dawowa ya zama aikin banza, duk abin da na samo tanki ke cinyewa. Na zauna na yi wa kaina magana: ko dai a gyara ta ta rage sha, ko in bar hanyar Bobi in koma dakon buhuna a cikin gari. In kuwa na bar hanyar, babu motar da za ta ɗauki matan nan, nono kuma ba ya jiran kowa.

Abokin tafiyata Sule ne, bakanike, mutumin Tungan Magajiya da ya koyi aiki a Kaduna ya dawo ya buɗe gareji a Kontagora. Shi ya ce aikin ya fi ƙarfin garejinsa, sai mun kai ta wurin maigidansa, inda ake da injin goge kiranshaf, ƙarfen nan da ke juyawa a cikin inji, da kayan gyara. Muka yi asuba tare. Kafin ya shiga mota ya ciro auduga daga aljihu ya cusa a kunnuwansa biyu, ya ce, "Garba, duk abin da za ka gaya mini, ka bari sai Kaduna."

Bobi

Farkon damina ne, an yi ruwa kwana biyu da suka wuce, ƙasa ta yi taushi, ciyawa ta fara kore. Gari na wayewa muka hau tudun da ke kafin Bobi, wanda Aradu ke hawa tana ihu kamar ana yanka ta. Daga can sai gangara, sai doguwar miƙa, sai wata babbar tsamiya inda burtali ya fito daga daji ya haɗu da kwalta. Nan ne tashata. Rugagen suna can ciki, tafiya ce mai kyau a ƙafa.

Na sha yabon matan Bobi a tasha, ina cewa sun fi ma'aikatan gwamnati kiyaye lokaci. Ko na yi sammako ko na makara, da na iso tsamiya na juya mota na ƙara wa lagireto ruwa, zan hango su a jere suna fitowa daga burtali, ƙore a ka. Ban taɓa jiran su ba, ba su taɓa jirana ba.

Ran nan ba ranar kasuwa ba ce, na kuma gaya musu tun wancan zuwan cewa zan yi tafiya. Na tsaya ne kawai don lagireto ya sha iska, Sule kuma ya duba wata roba da ke ɗiga. Muna cikin haka sai ga Inna Daso tana dogara sanda. Ita ce babbarsu, ita ke raba musu wurin zama a mota, ita ke yi mini faɗa in na taka da yawa. Gwiwoyinta sun fara ba ta wuya, tafiyar nan daga ruga sai ta huta a hanya. Bijiminta ne ma ya taɓa dukan ƙofar Aradu da ƙaho, loɓawar tana nan har yau. Ta miƙo mini ƙaramar ƙwarya da curin man shanu a ciki.

"Ka kai wa mai gyaran, ya ji daɗin aiki."

"Inna, wa ya gaya miki yanzu zan wuce?"

Ta yi dariya har ta riƙe sanda da hannu biyu. "Kai Garba! Sai an gaya mini?"

Sannan ta daina dariya, ta dafa bonet. "Ɗana, ka dawo mana da ita. Shanu sun fara samun ciyawa, nono ya kawo. In ka bar mu, sai dai mu zuba wa ƙasa." Na yi mata alkawari: ranar kasuwa mai zuwa, da hantsi, za ta same ni a gindin tsamiyar nan, daga Kaduna zan biyo in kwashe su kai tsaye. Na faɗa da ƙarfin zuciya, amma ban san abin da za a tarar a cikin injin ba.

Mariga zuwa Tegina

Bayan mun haye gadar Mariga muka tarar da shingen sojoji. Tun daga nesa na gan su duka a tsaye, har da wanda ke shanya riga. Babbansu ya leƙo ta taga yana toshe kunne ɗaya. Na kashe inji don mu ji juna.

"Malam, mun ɗauka an aiko mana da tankar yaƙi ba a sanar da mu ba. Ina zuwa?"

"Asibiti, ranka ya daɗe. Kaduna."

"To Allah ya ba ta lafiya. Wuce, wuce, kada ka tayar a gabana, bari in matsa tukuna."

A Tegina muka karya da koko da ƙosai mai zafi a bakin mararraba. Allurar mai ta Aradu ta mutu tun kafin ta zo hannuna, don haka da wani tsinken dalbejiya nake awo, in zura a tanki in ciro in duba inda ya jiƙe. Na zura, na ciro, na nuna wa Sule. Ya zare audugar kunnensa, ya dubi tsinken, ya dube ni, ya ce, "Wannan ba sha take yi ba, wanka take yi da shi." Gidajen mai duk a rufe, sai muka nufi masu jarka. Sule ba ya sayen man jarka da ka. Ya tsoma yatsa, ya ɗaga ya hura. In ya bushe nan take ya bar fari-fari, fetur ne, in ya bar maiƙo, an haɗa da kananzir. Sai a wurin mutum na uku yatsan ya bushe.

Dajin Birnin Gwari

Muka bi ta Kagara da Pandogari muka shiga dogon dajin nan da itatuwa ke haɗa kai a sama. Hadari ya taso daga gabas, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Waifa ɗaya ce ke aiki, ita ma ta ɓangaren Sule, sai ya zama shi ke gani ni ke tuƙi, yana nuna mini ramuka da hannu. Can aka saki wata tsawa da ta girgiza gilashi. Sule ya matso bakinsa kusa da kunnena ya yi ihu: "Yayarta ce ke gaishe ta!" Na yi dariya har na kusa sakin sitiyari.

A Birnin Gwari muka haɗa azahar da la'asar, muka ci shinkafa da wake da yaji, na sake sayen mai ina jin zafinsa har zuciya. Rana na shirin faɗuwa muka wuce Buruku, muka shiga Kaduna ta Mando. Duk wanda muka gifta sai ya juyo, wani ɗan acaɓa ma sai da ya biyo mu yana tafi.

Kaduna, garejin Baba Yakubu

Maigidan Sule, Baba Yakubu, dattijo ne gajere mai farin gemu da hannuwa kamar faranti. A gidansa muka sauka, aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar taushe, na miƙa man shanun Inna Daso aka narka a kai nan take. Ya ci ya lashe yatsa ya ce, "Wadda ta aiko wannan ta riga ta saye ni."

Da safe ya ce in tayar. Ya ɗauko doguwar sukundireba, ya dafa bakinta a jikin injin, ya kafa kunne a ƙotar, yana matsar da ita daga nan zuwa can kamar likita. Da ya gama ya yi mini alama in kashe.

"Wannan ƙwanƙwasar daga ƙasa take, mital ya cinye. Ringi ya saki. Gasket ɗin bututun hayaƙi ya ƙone, salansa kuwa kai ma ka sani. Amma ba su kaɗai ke shanye maka mai ba." Ya buɗe kafireta ya ciro wani ɗan ƙaramin tagulla mai huda, ya ɗaga shi wajen haske. "Ka ga wannan? Ta nan mai ke bi. Mai motar na farko ya sa an buɗa hudar da waya don ta yi gudu. Matatar iska kuma an cire an yar, wai inji ya sha iska. Ƙura take ci, mai take kora wa."

Aka sauke inji, aka kai kiranshaf wurin gogewa, mu kuma muka shiga kasuwar Panteka neman kaya. Nan ne aka so a ruɗa ni. Wani mai sayar da injuna na hannu ya ja ni rumfarsa ya nuna mini injin gas, ya ce in na ɗora wa Aradu shi, man da ke kai ni Bobi zai kai ni ya dawo da ni, har in yi yawon gari. Gaskiya raina ya biya. Baba Yakubu ya ce a tayar mana mu gani. Aka haɗa batir aka tayar a ƙasa. Injin lafiyayye ne, amma ya tofo wani baƙin hayaƙi mai ɗaci da ya kama mini riga. Na tuna ƙoren da ke zama a baya, faifai kawai ke rufe su, na tuna yadda man shanu ke ɗaukar warin duk abin da ya kusance shi. Matan Kontagora masu sayen nono hanci gare su, sau ɗaya za su shinshina su juya. Na ce wa mutumin Allah ya kawo kasuwa.

Muna fitowa wani ya tare mu da leda cike da fararen ƙwayoyi, wai daga waje aka kawo su, a jefa ɗaya a tanki mota ta manta da ƙishi. Baba ya karɓi ɗaya ya shinshina ya miƙo mini. "Sayi biyu ka kai wa iyalinka, ta sa a akwatin tufafi saboda kyankyasai." Kafur ne. Mai ledar ma sai da ya yi dariya kafin ya yi gaba.

Abin da muka saya dai bai da ado: mital, ringi, gasket, fulogi, sabon ɗan tagullan kafireta mai huda daidai, matatar iska, da salansa. Baba ya zagaya motar ya sa aka kwance wata tsohuwar rumfar ƙarfe mai nauyin tsiya da ke baya, aka maye gurbinta da siraran ƙarafa da tamfol. Ya sa aka daidaita iskar tayoyi, don kowace da irin tata. Da ya zo kan katakon ƙore ya ce shi ma a cire, nauyi ne.

"Baba, a cire ƙofa in ana so, a cire kujerar Sule, amma ban da wannan."

Ya dube ni, ya dubi gurabun ƙoren, ya ce, "To, na masu man shanu ne. A bar shi." Sannan ya nuna ƙafata ta dama. "Saura wannan. Ita ba a sayar da sabuwa a Panteka. Ka daina taka totur kamar kana kashe kunama."

Kwanakin da aka yi ana haɗa injin ban iya zama ba. Ranar da aka gama, Baba ya ce in shiga in tayar. Na murɗa makulli, ban ji komai ba. Na sake murɗawa, sai wata ƙara ta tashi, ƙiiii, gareji duka ya ɗauki ihu: "Tana tashe! Saki makullin!" Ashe tun murɗawar farko ta kama. Na fito na tsaya a gaban bonet, na ji wani ɗan gurnani mai laushi kamar kyanwa ta ƙoshi. Sule ya ɗora kofin shayinsa a kan injin, shayin ko rawa bai yi ba. Wallahi sai da hawaye ya zo mini, na rungume Baba Yakubu da baƙin mai da komai.

Tsohuwar salansar tana yashe a gefe, ta yi tsatsa, cikinta a fashe. Masu sayen ƙarafa suka zo za su ɗauka, na hana. Ban san me zan yi da ita ba, kawai dai mun daɗe tare. Na jefa ta a baya.

Komawa: Kaduna zuwa Tegina

Jajiberin kasuwa muka yi sallama bayan azahar. Baba ya ja mini kunne cewa injin da aka haɗa sabo ba a kora shi, don haka muka taho a hankali, manyan motoci na wuce mu. A wannan tafiya na gano abubuwan da ban sani ba. Ashe Sule murya gare shi mai sanyi, shekara da shekaru ihu kawai na san shi da shi. Ashe ƙofar hagu tana kuka, ashe akwai wata kwalba da ke birgima a ƙarƙashin kujera Allah kaɗai ya san tun yaushe. Muka yi hira tun daga Buruku har Pandogari, ya ba ni labarin gonar gyaɗar mahaifinsa, na ba shi labarin yadda na nemi auren Ladi da keken haya.

Muka kwana a Tegina wurin wani ɗan'uwan Sule mai sayar da taya. Bayan asuba na zura tsinken dalbejiya na ciro. Na goge, na sake zurawa, don ban yarda ba. Inda a zuwa muka sayi mai har sau biyu, yanzu tankin da muka cika a Kaduna bai ko kusa ƙasa ba. Na riƙa bin mutanen da ke fitowa daga masallaci ina nuna musu tsinken, waɗanda ba su san ni ba ma suna taya ni murna.

A shingen Mariga sai da muka tsaya a gabansu sannan babban ya ɗago daga raken da yake sha. Ya dubi motar, ya dube ni. "Ina waccan?" Na ce ita ce, an sallame ta. Ya ce, "Kai, likitan nan ya iya aiki."

Bobi, ranar kasuwa

Da hantsi muka iso tsamiya, daidai yadda na yi alkawari. Na gyara tsayuwa, na bar injin a tashe don su zo su ji abin mamaki. Na goge gilashi, na gyara hula, na tsaya ina kallon burtali.

Babu kowa.

Na ce wa Sule yanzu za su ɓullo, ba sa makara. Muka jira. Inuwar tsamiya ta fara janyewa, rana ta fara cizo. Na danna hon, amma hon ɗin Aradu bai taɓa yin ƙarfi ba, don bai taɓa samun aikin yi ba. Zuciyata ta shiga kawo mini abubuwa. Ko sun samu wata motar ne da na yi kwanaki ba na nan? Ko an yi rasuwa? Ko Inna Daso ta ɗauka ba zan dawo ba? Na sha wannan wahala duka, na dawo da mota lafiyayya, ga shi waɗanda na yi domin su ba su zo ba. Kuma in rana ta take, nonon da aka tatsa aka kaɗa domin kasuwar yau ya tashi a banza. Farin cikin da na taho da shi daga Tegina duk ya zube, na zauna a kan bamba na yi tagumi.

Ina zaune sai na ji kurciya na kuka a saman tsamiya. Na ji kuɗa na zagaya kaina, na ji wata saniya can nesa. Shekarun da na yi ina tsayawa a gindin itacen nan ban taɓa sanin akwai kurciya a kansa ba. Ga injin kuma a tashe a bayana. Na miƙe zumbur.

"Sule! Ba su ji mu ba!"

"Wa?"

"Matan! Ba rana suke dubawa ba, ba agogo gare su ba. Aradu suke saurare! Tun daga kan tudu suke jin ta su ɗauki ƙore. Shi ya sa ko na makara ko na yi sammako daidai muke haɗuwa!"

Sule ya riƙe baki, sannan ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa. "Wato mun je Kaduna mun cire musu agogo!"

A da ban taɓa shiga burtalin nan da mota ba, don kowane taku na Aradu mai ne. Na zura tsinke na ciro, na ga akwai man shiga da fita har da saura. Motar kuma ta rage nauyi, ƙasa ta sha iska. Na sa giya ɗaya muka gangara, muna bin sawun shanu, rassan geza na shafar ƙofofi.

Da muka ɓullo rugar farko na gan su. Suna zaune a ƙarƙashin wata ƙirya, sun ci ado, kowace da ƙorenta a gaba an rufe da faifai, gammo a hannu. Dukansu sun juya wa burtalin baya, sun fuskanci wajen tudun nan na yamma, inda suka saba jiyo Aradu. Inna Daso na tsaye a gabansu, ta dogara sanda, ta kafa tafin hannu a bayan kunne. Na lallaɓa na tsaya a bayansu na kashe inji. Wata ta juyo ta gan ni ta buɗe baki za ta yi magana, Inna ta ɗaga mata hannu ba tare da ta waiwaya ba.

"Ku yi mini shiru mana! Ku bari in ji Garba. Ya ce zai zo."

Na ce, "Ga ni, Inna."

Sandar ta faɗi. Ta juyo ta dube ni, ta dubi motar, ta yi salati. Matan suka kaure da shewa. Ita kuwa fuskarta ba ta saki ba, ta tako a hankali ta ce, "Ka sayar da ita ke nan. Wannan ta wa ce?" Na ce ita ce. Ba ta yarda ba sai da ta zagaya ta shafa loɓawar da bijiminta ya yi a ƙofa, ta leƙa baya ta ga katakon ƙore. Sannan ta dafa bonet kamar yadda ta yi ran tafiya, ta ce, "Sannu, baiwar Allah. Sun ƙwace miki baki." Na gaya mata yanzu ba ta shan mai kamar da, hanyar Bobi ta zauna, kuma daga yau har ƙofar ruga zan riƙa shigowa, ba sai ta taka zuwa tsamiya ba. Ta dubi gwiwoyinta, ta dube ni, idanunta suka ciko. Ni ma na kau da kai.

Amma da sauran aiki. Akwai rugage a can gaba da wasu a ƙetaren rafi, su ma suna zaune suna saurare, rana kuwa na tafiya. Sule ya ce bari ya kwance sabuwar salansar mu taka totur na ɗan lokaci. Inna ta ce a bar mata motar ta huta. Ta nuna tsohuwar salansar da ke kwance a baya. "Wancan tulun fa? Ba shi ne bakin ba?" Ta sa aka sauko da ita, aka ɗaure da igiyar ɗaure maraƙi aka rataye a reshen ƙirya. Ta karɓi taɓarya ta ja baya, ta maka mata. Ƙarar ta tafi cikin daji, gwarangwam, shanu suka ɗago kai. Ta ƙara, ta ƙara. Ba a jima ba muka hango su ta ko'ina, daga gabas, daga bakin rafi, a jere, ƙore a ka, suna sauri suna tambayar wane irin kira ne wannan.

Kontagora

Mun shiga kasuwa a makare, amma masu saye ba su watse ba, kafin la'asar ƙore duk sun koma fanko. A hanya matan sun yi ta waƙa a baya, karo na farko da na taɓa jin abin da suke rerawa, ashe har da sunana a ciki.

Da na mayar da su na dawo gida, na tsaya a ƙofa na yi sallama. Ladi ta fito da ludayi a hannu tana zare ido. "Maigida! Yaushe? Ai ban ɗora tuwo ba, ban ji ka ba!" Ashe ita ma da Aradu take ɗora tukunya. Malam Isa kuwa har gida ya zo ya yi mini barka, ya ce jaririnsa ma ya gode.

Godiyata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ga Baba Yakubu da hannunsa mai albarka, ga Sule da ya bar garejinsa ya bi ni, da ɗan'uwansa na Tegina da ya ba mu tabarma. Aradu ta ƙara shekaru a hanyar Bobi tana tafiya shiru. Inna Daso ba ta sake taka burtalin nan a ƙafa ba. Duk ranar kasuwa, da na ɓullo ta bayan geza zan same ta a gindin ƙirya da taɓarya a hannu, sai ta ga idona sannan ta daki salansar. Wani zuwan nakan kashe inji in zauna kawai in saurari muryar motata tana fita daga hannun tsohuwar nan, tana kiran mutane.